Kumburin Ƙafar Sadiƙa

Djamboutou, Garoua.

Zuwa ga ɗana Ilyasu, a Mbakaou.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan kamun kifinka. Mu nan sai godiya, ban da gwiwar nan tawa.

Shekara goma sha tara ke nan ina tambayar abin da ya kashe uwarka Mairamu a asibiti. Na kai ta da cikinta tana numfashi, suka miƙo mini takarda da Faransanci suka ce in yi haƙuri. Ko kujera ba a ba ni ba. Tun ranar na rantse ba ni ba asibiti. Kai ma ka ɗauko halinsu: in na kira wayarka, wata mata ce ta kamfanin waya ke amsawa da Faransanci. Shi ya sa na sa Malam Goni ya rubuta wannan, na ba Zacharie direban motar kifi.

Matarka Sadiƙa tana da ciki. Ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, da wane baki suruki zai tambaya? Amma shekara arba'in na yi ina dillancin shanu, daga taku nake gane mai ciki. Ka zo Babbar Sallah 'yarka Laila tana wata biyar, sauran ka lissafa da kanka. Rana ɗaya ta yaye yarinyar, wai nono ya ƙafe.

Lokacin cikin Laila, awo bai taɓa wuce ta ba. Wannan kuwa karnen asibitin, wato katin awo, yana ƙarƙashin katifa. Hadje maƙwabciyarmu ta ce mini Sadiƙa kunya take ji, kada matan kan bencin asibiti su ga goyo ga ciki su ce ta yi kwanika. Tana kuma tsoron Madam Nadège ungozoma, wadda ta ce mata bayan tiyatar haihuwar Laila ta huta shekara biyu. Kai kuma an ce ka ce ba ƙarin haihuwa sai ka sayi jirgin kanka. To, cikin bai ji ba.

Ni ban ga abin zuwa asibitin ba. Sai dai ƙafarta ta kumbura, takalmi ba ya shiga. Na sa an jiƙa mata sassaƙe. Ka aiko da magana.

Mahaifinka,
Oumar.

Djamboutou, Garoua.

Ilyasu,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, tunda ba a ce mini ka mutu ba. Mako uku shiru, alhali Zacharie ya rantse a hannunka ya sa takardar.

Ranar Talatar makon jiya da hantsi Sadiƙa tana wanki ta ce wa Hadje kanta zai tsage, idonta na ganin walƙiya. Sai ta zauna daɓas a ƙasa. Na fito na tsaya a kanta, na ambaci cikin da bakina, na ce ta ɗauko karne. Ta rufe fuska tana kuka. Na tare moto biyu, 'yan acaba. Rantsuwata ta karye, azumin kaffara uku na kaina, ka sani saboda gidanka ne.

Mace ɗaya ce ta yi dariya a bencin, na dube ta, ta daina. Madam Nadège ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaura mata abin awo a hannu, ta ce jininta ya hau ƙwarai, ta ba ta gado. Na ce ba zan tafi ba sai an yi mini bayani. Ta jawo mini kujera, ta yi mini da Fulatanci: kumburin ƙafa, ciwon kai, daga nan jijjiga, daga jijjiga sai abin da Allah ya yi.

Ilyasu, haka ƙafar uwarka ta kumbura. Ita ma cikin ba ta so shi ba, tana kunyar a ce mai manyan 'ya'ya ta sake. Ta ɓoye, na taya ta ɓoyewa. Na ce sanyi ne, na jiƙa mata sassaƙen nan dai. Ban kai ta ba sai da ta fara jijjiga. Ban ce laifina ne ba. Da ma a ce sun karanta mini takardar nan ta Faransanci.

Za su ciro wa Sadiƙa ɗan ranar Juma'a. Suna neman mijinta, suna neman jini. Na miƙa hannuna suka ce na tsufa. Ita kuwa ba ta tambayi wuƙa ba, abin da ta aiko Hadje ta tambaye ni shi ne ko kana fushi da ita.

Amsa guda na jira shekara goma sha tara. Taka ba zan jira ta wuce Alhamis ba. Motar Zacharie na tasowa Laraba, ka shigo ta, ka zo ka amsa mata, ka amsa mini.

Laila tana gaishe ka. Wassalam.

Mahaifinka,
Oumar dillali.