Gwangwanayen Malam Japheth

Kawu Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da su Inna. Tun da aka yanke layin waya sai ta hannun direba nake samunka.

Kawu, mutumin da ku 'yan sa-kai kuka tsare a shingen Dogon Dawa malaminmu ne na kimiyya, Malam Japheth. Wallahi abin da ke cikin buhunsa ba bam ba ne. Gwangwanayen madara ne muka tsinto, muka haɗa su da wayar tagulla. In an zuba ruwan gishiri, ƙaramin ƙwan fitila yana kamawa. Ni na haɗa, gasar makarantu zai kai mana. Don Allah kada a taɓa shi.

'Yarka, Muslimat

Muslimat,

Wa alaikumus salam. Na karanta. Ke yarinya ce, ba ki ga gawar da muka ɗauko daga daji ranar Talata ba. Mutane sun fusata, ni kaɗai na tsaya a ƙofar ɗakin da aka kulle malamin. Ya ce a ba shi ruwa da gishiri ya nuna, babu wanda ya yarda ya kusanci buhun. Suna cewa in gaskiya ne, mai abin ta zo ta kunna da hannunta. Ni ban ce ki zo ba. Hanya ba lafiya. Ki gaida uwarki.

Ƙasimu

Kawu,

Gaisuwa. Umma ta hana, har kuka ta yi. Gobe zan biyo motar hatsi. A tanadi gishiri. Ka yafe mini.

Muslimat

Karima ƙanwata,

Assalamu alaikum. Kwantar da hankalinki, 'yarki tana hannuna.

Ta durƙusa a tsakiyar fili, kowa ya ja baya da bindigarsa. Ta zuba ruwan gishirin, ƙwan bai kama ba, gwangwanayen sun yi tsatsa. Wani ya ce, "To, kun gani!" Sai ta ce, "Kawu, a ba ni yashi." Ta goge su ɗaya bayan ɗaya, ta sake zubawa. Ƙwan ya kama.

Mun saki malamin. Na ba shi haƙuri, bai dube ni ba. Ya shiga motar Kaduna, ya ce a gaya wa ɗalibai ba zai dawo ba.

Muslimat ta ƙi cin abinci. Kada ki yi mata faɗa idan na kawo ta. Allah ya tsare mu.

Yayanki, Ƙasimu