Muryar Yaya Ishaya a Talabijin

Lahadi da dare, Zuru

Yau maƙwabcinmu Baba Saje ya fitar da ni kunya. Yaya Ishaya ya aiko da bidiyo daga bakin daga, bayan wata bakwai ba mu ji muryarsa ba. Na haɗa kwamfutata da talabijin don Mama ta gan shi sosai. Hoto ya fito tas, bakinsa yana motsi, amma ba sauti. Mama ta matso tana cewa, "Me yake faɗi? Lafiyarsa ƙalau?" Na ƙara murya, na kashe na kunna, sai gumi nake yi.

Ana haka tsohon ya shigo gaida Mama. Ashe a sashen sadarwa ya yi aikin soja. Ya leƙa bayan kwamfutar ya ce mini, "Rifkatu, wannan waya mai shuɗin kai hoto kaɗai take ɗauka." Ya ciro wayar dikodarmu, mai ɗaukar hoto da sauti, ya haɗa kwamfutar da talabijin da ita, ya sa na zaɓi talabijin a wurin sauti.

Sai muka ji, "Mama, ina kwana?" Ta amsa masa da yarenmu tana hawaye. Baba Saje ya ɗauki sandarsa ya fice a hankali, ko godiya bai tsaya karɓa ba.