Koriyar Fitilar Nan Ba Cika Take Nufi Ba

Zuwa ga Mai Girma Alhaji Shugaban Ƙungiyar Masu Caji da Gyaran Waya na layinmu da ke Madalla,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da sauran dattawan kwamiti.

Ranka ya daɗe, ni ne Nafi'u mai teburin caji na jikin shagon Bitrus mai gyaran kwamfuta, ni ɗin nan da in aka ji gishiri a shayin wani a layin nan, sunana ake fara kira kafin a yi bincike. Na san ka fara murmushi. Don Allah a danne dariyar tukuna, yau da gaske nake. Na zo ofis na yi bayani da baki an ce sabuwar tsokana na ƙirƙiro, shi ya sa na rubuto a fili a zauren ƙungiya, kowa ya zama shaida. Karatuna na allo ne, boko a kan waya na tsince shi, in an ga harafi ya karkace a miƙar min da shi.

1. Alhaji, mun yi saba! Wannan baƙin akwatin da ke ƙarƙashin teburin Bitrus, wanda kwamiti ke kira "kayan Nafi'u", shi ne. Wasu 'yan boko na ce mata uwar garke, mu dai saba muke cewa. Gari ne guda na wasan waya a cikin akwati. Kowa daga inda yake sai ya shigo da wayarsa a haɗu wuri ɗaya, a yi gini, a yi noma, a yi tsere, a ƙwace wa juna tuta. Bitrus ne ya harhaɗa ta da kayan tsofaffin kwamfutoci, ni kuma ya damƙa min makulli: ni ke buɗe wa mutane ƙofa, ni ke korar mai zagi, ni ke raba filaye. Ka ji fa, ni Nafi'u ke raba filaye! Tun da nake, ko makullin banɗakin masallaci ba a taɓa yarda an ba ni riƙo ba.

Kuma mutane sun zo. Akwai 'yan Zuma, akwai 'yan cikin gari, akwai ma'aikatan Abuja da ke shigowa daga cikin bas in cunkoso ya riƙe su a hanya. Mun gina kasuwa, mun gina tasha har da keke, sannan muka yi gayya muka gina Dutsen Zuma, kowa na ɗora nasa dutsen. Ranar da muka kai ƙololuwa na yi ta tsalle a bakin titi har wani direba ya tsaya yana tambaya ko haihuwa aka yi min.

2. Sai batun Baba Isiyaku mai gadi. Ba ƙararsa na kawo ba, uba ne, kuma ƙungiya ce ta ba shi makullai ya riƙa zagayawa bayan an tashi don gudun gobara. Amma Alhaji ya san karatun da kowa ya haddace a layin nan: jar fitila tana caji, koriyar fitila ta cika, a zare kada batir ya kumbura. Ko yaron goye a layinmu ya san haka. To, ita saba koriyar fitila gare ta, kuma in tana aiki ba ta canjawa. Baba ya leƙa da magariba, ya ga kore, ya yi bismillah ya zare filogi.

Alhaji ya taɓa ganin an wanke wa yaro allo bai hardace ba? Haka ta faru. Duk aikin da aka yi a yinin nan ya tafi. Muka wayi gari Dutsen Zuma ba kai, kamar an yi masa aski da gatari. Wata malamar makaranta daga cikin gari da ta yi yini tana gina gidan sama ta tarar da fili fetal, akuya na kiwo a ciki. Da safe kuwa Baba ya tare ni yana fara'a, ya ce, "Ɗan nema, ka gode wa Allah da ni, na tarar da akwatinka ya cika maƙil, saura ƙiris ya fashe." Na rasa ko in yi kuka ko in yi godiya, sai na yi godiyar.

3. Na yi masa bayani, ya ce ya ji. Washegari ya sake zarewa, wai ya yi tunani ya ga so nake in sa shi ya bar abu ya ƙone a yi masa dariya. Na manna takarda na rubuta kada a cire, har da ajami don ya karanta da kansa. Ya ce tunda hannuna ne, akasin abin da na rubuta shi ne gaskiya. Bitrus ya je ya roƙe shi, ya ce, "Kai ma ya ja ka ciki ke nan, ɗan Fasto?" Daga nan ne na zo ofis, aka ba ni kujera, aka saurare ni, sannan sakatare ya duba ƙarƙashin tasa kujerar ko na ɗaure masa wani abu.

4. To, mai neman mafita ba ya rasa dabara. Na ari jan farce a shagon kitson matar Bitrus, na ɗiga ɗigo ɗaya a kan fitilar nan. Ta koma ja jawur. Baba ya zo da magariba, ya leƙa, ya gyaɗa kai ya ce, "Sha abinki, ba ki ƙoshi ba," ya wuce.

Alhaji, ka ga daɗi! Saba ta kwana ta yini ba ta ko yi tari ba. Muka mayar wa Zuma da kansa, har muka ƙara masa tuta. Malama ta sake gina gidanta, ta sa wa akuyar nan suna Nafi'u. 'Yan Zuma suka kawo abokansu. Na riƙa bai wa mai waya cajar wani saboda murna, ana zagina ina cewa amin. A nan muka tsayar da ranar Asabar mai zuwa a matsayin ranar buɗewa, da gasar tsere tsakanin Madalla da cikin gari.

5. Ashe Baba yana lura. Ranar Talatar nan ya kai wa kwamiti rahoto cewa akwai wani akwati a shagon Bitrus da ya yi sama da mako yana shan wuta bai cika ba, ko rijiya ce ya ci a ce ta tumbatsa. Kwamiti kuma, ba tare da an kira ni ko Bitrus ba, ya yanke cewa akwatin ɓarawon wutar layi ne, a fitar da shi kafin ranar Asabar. Asabar ɗin dai da muka gayyato jama'a!

Ranka ya daɗe, a nan zan ɗan ɗaga murya, a yafe min. Ba a yanke wa mutum hukunci yana bayan ƙofa. Kuma saba ba ta taɓa lasar wutar layi ba. A aiko duk wanda aka yarda da idonsa ya bi wayar wutar da hannu: daga akwati ta shiga inbata, daga inbata ta haura rufi, ta tsaya a kan solar da Bitrus ya kafa da kansa. In rana ce ta kawo ƙara, to, a kira ta mu zauna. Sannan 'yan wasa sun riga sun gaya min, sau biyu sun yi haƙuri, in aka sake yi musu ta uku ranar buɗewa za su koma sabar wasu can, ba za su dawo ba. Bitrus ma ya ce in haka ta faru zai kwance akwatin ya mayar da kayan cikin kwali. Garin ya watse ke nan, makullina ya tafi.

Don haka ina roƙo, da ladabi:

Na farko, a janye umarnin nan, ko a dakatar da shi har a zo a bi wayar.

Na biyu, Alhaji da kansa ya yi wa Baba Isiyaku magana, don daga bakina ko sallama na yi sai ya duba bayansa. Jiya na goge jan farcen tas, fitila ta koma koriyarta, ba na son in ci gaba da yi wa dattijo wayo. A gaya masa koriyar fitilar nan ba cika take nufi ba. Tana nufin akwai mutane a ciki.

Na uku, a zo mana ranar Asabar bayan la'asar. Mun gina wa ƙungiya ofis a bakin kasuwar cikin wasa, da kujerar shugaba wadda na rantse ban sa komai a kanta ba. Baba ma mun yi masa rumfa a ƙofar gari, da tocila da sanda. Ina so ya riƙe waya ya ga jama'ar nan suna wucewa ta gabansa suna gaishe shi, in ga ko hannunsa zai ƙara kaiwa ga filogin.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya tsare layinmu daga gobara, ya saka wa Baba Isiyaku da alheri bisa gadin da yake yi mana, ya sa batirin kowa ya cika ba tare da ya kumbura ba. In kuma an ji gishiri a shayin wani ranar Asabar, a nemi mai laifi wani wuri, ni ina bakin aiki.

Wassalam.

Naka mai biyayya tun daga yau,
Nafi'u mai caji, mai riƙon makullin gari.