Hoton Mirrihi Kafin Ido Ya Rufe

Hindawiyya, Jidda
Talata, cikin Rajab 1396

Zuwa ga aminina Malam Nomau, a Damagaram,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Uwani da jikoki. Yau na tashi da sauƙin ƙirji, sai dai ido. Likita ya ce jijiyar na dama ta mutu, na hagu ma yana bin sahu, kuma babu aikin da zai tsayar da shi.

Ka tuna jan tauraron nan, Mirrihi, da ka nuna mini lokacin da muke ratsa Wadai a ƙafa? Rediyo ya ce Amurkawa sun aika masa kumbo mai suna Baikin, ba kowa a ciki. Yanzu haka yana kewaya shi yana aiko da hotuna. Wai ya tarar wurin da aka zaɓa masa ya sauka ba shi da kyau, sai ya ci gaba da zagaye yana neman wani. Na tausaya masa, Nomau. Ni ma wucewa na zo yi garin nan.

Ina so in ga fuskar tauraron nan kafin duhu ya rufe ni. Jaridun nan suna bugawa, amma baƙi-baƙi, toka kawai nake gani. Abdulghani, ɗan ƙanen marigayiya Fatouma matata, yana tuƙa wani Bature a Abhur, ya ce akwai mujalla mai launi a gidan, zai roƙo mini ita ranar Juma'a.

Saboda haka na fara tattalin idon. Ina ɗaure shi da ƙyalle, karatu kuwa da ka nake yi. Mastura maƙwabciyata, mai kawo mini abinci, ta ce, "Ya ammi, baffana, ido ba sukari ba ne da za a ɓoye sai baƙo ya zo. Yalla, maza kwance ƙyallen ka ga shinkafarka." Na ƙi. Don wannan takarda kaɗai na kwance.

Naka,
Isha'aku

Juma'a, ƙarshen Rajab

Malam Nomau,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Jiki da dama, ido kuwa ya ƙara ja baya. Tattalin bai yi amfani ba. Da na kwance ƙyallen yau da safe, ganina ya tsuke kamar mai leƙe ta ramin makulli. Na yi nadamar kwanakin da na hana kaina kallon fuskokin mutane.

Kumbon ya sami wuri, ya saukar da rabinsa, ɗaya rabin yana can sama shi kaɗai. Na yi masa murna.

Juma'ar farko Baturen ya riƙe Abdulghani. Ba na ganin laifinsa, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, tana hannun kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ba shi da ta cewa. Ya aiko cewa mujallar tana wurinsa, yau ba fashi. Daga masallaci na sa Mastura ta fitar mini da kujera bakin ƙofa, inda haske ya fi ƙarfi. Na dafa shayi na mutum biyu. Duk motar da ta karyo lungu sai in miƙe.

Idan layukan nan sun hau juna, ka yi haƙuri. Nan gaba da hannun wani za ka ji ni. Ka gaida Uwani da yara.

Naka har kullum,
Isha'aku

An kira magariba. Mastura ta shigar da kujera. Abdulghani bai zo ba.