Rigakafin Mai Hankici

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Ya ƙafar Inna, kumburin ya sauka?

Kin ce har yau ba ki gane abin da nake yi da kifi a ɗakin gwaji ba. Cutar nan da ke kashe kifin gona, ƙwayarta tana da ɓawo. Wani furotin na jikin ɓawon muke sa yis, irin wanda ke kumbura burodi, ya samar mana, mu tace, mu yi wa ƙananan kifi allura da shi. Jikinsu sai ya san cutar tun kafin ta zo. Yana aiki, Yaya, na gani da idona.

Damuwata shugabanmu. Mai Hankici muke ce masa, don ba ya shiga ɗakin tankuna sai ya toshe hanci. Mutumin da bai taɓa riƙe kifi mai rai ba, shi ya je taro ya yi wa masu kiwo alkawarin rigakafin da za a barbaɗa a abinci, babu wahalar allura. Na ce masa cikin kifi narkar da furotin ɗin yake yi kamar kowane abinci, sai mun samo abin da zai lulluɓe shi tukuna. Wai shi ya riga ya faɗa a gaban manya, saura kifin su bi.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki.

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin jin Inna ta fara takawa.

Mun saka wa kifin cutar don gwaji. Waɗanda aka yi wa allura suna ta iyo abinsu. Waɗanda aka barbaɗa wa rigakafin a abinci kuwa, kullum da safe da raga nake kwashe su, ciki a sama. Da Mai Hankici ya leƙo daga bakin ƙofa, sai ya ce in haɗa sakamakon biyun wuri guda, ai duk kifi ne. Na ƙi. Washegari aka karɓe makullina, aka tura ni ɗakin wanke kwalabe, ya cire sunana daga aikin. Ki ga yadda ya sha kwat ranar da 'yan jarida suka zo, yana nuna tankin allura yana cewa na abinci ne.

Yanzu ga abin da ya sa na yi saurin rubutowa. Na ji maigidanki ya sa sunansa cikin masu kiwon da za su fara karɓar garin rigakafin na abinci. Don Allah ki hana shi. Na san zai ce shugaba guda ba zai yi ƙarya ba. Ki ce masa ni na kwashi gawar. Na rubuta wa ƙungiyar masu kiwon ma, amma wa ke sauraron mai wanke kwalba?

Taki har kullum,
Autar Inna.

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma yi muku jaje. Raina ya ɓaci da na ji rabin kifinku sun tafi duk da garin rigakafin da aka ba su. Kada ki ƙara yi wa maigidanki faɗa, ba shi kaɗai aka yaudara ba.

Masu kiwo sun zo har ofis, wani da bokitin matattun kifi, ya dire wa Mai Hankici a kan tebur. Hankicin bai yi masa amfani ba. A gaban kwamitin binciken da aka kafa, babban mutum da furfurarsa, ya rantse shi sa hannu kawai yake yi, aikin nawa ne tun daga tushe. Ranar da abu ya lalace ya tuna da sunana. Wasiƙar da na aika wa ƙungiya tana hannun shugaban kwamitin, shi ya karanta wa Mai Hankici ita da kansa.

An mayar mini da makullina. Ƙarshen wata zan zo da allura in yi wa sababbin 'ya'yan kifinku, ki tanadar mini wurin kwana.

Za ki tambaya ko an kore shi. Ina! Ƙarin girma aka yi masa, an kai shi hedkwata ya kula da rigakafin kaji. Ki ce wa Inna ta sayar da nata tun da wuri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki.