Fatar Damisar Pan Hieronim

Litinin, 4 ga Satumba, 1656

Shekara goma sha ɗaya ina bin ubangidana Pan Hieronim yaƙi da fatar kyarkeci a kafaɗa, irin ta barori. Yau ya kira ni tantinsa, ya yafa mini tasa ta damisa da hannunsa. "Walenty, ƙanena, ta fi dacewa da kai." Ƙanena fa! Har kwalkwalinsa mai ruwan zinariya da fukafukan ado na sirdinsa ya ba ni. Gobe ni ne a sahun gaba.

Na rubuta wa matata Dorota. Na cika baki, ban ɓoye ba.

Talata, 5 ga Satumba

Mun kara da 'yan Suwidin a bakin kogi. Ba na iya riƙe alƙalami sosai.

Litinin, 11 ga Satumba

Harsashi biyu, ɗaya a sulke, ɗaya a kafaɗar hagu. Dokina ya mutu. Ko mashina ban kai ga karyawa a jikin kowa ba.

Kacper maƙeri ya kawo mini miyar kabeji, ya zauna yana ta kallon fatar. "Kai dai wawa ne, ɗan'uwa. Maharban Suwidin damisa suke nema, sun san manya ke sa ta. Kowa a sansani ya sani tun bara." Na ce ina shi Pan ya tsaya? Wai sahu na uku, cikin fatar kyarkecina, ya ja hula har hanci.

Na kore shi. Miyar ma ban sha ba.

Laraba, 13 ga Satumba

Pan Hieronim ya zo dubiya. Bai tambayi kafaɗar ba, sai da ya gama zura yatsa a hudar fatar damisar. "A ba tela ya ɗinke kafin sarki ya zo duba runduna." Ya naɗe abarsa ya fita da ita.

Ni da na taɓa goya shi cikin ƙanƙara, mil biyu. Wallahi zuciyata ta fi kafaɗar ciwo.

Laraba, 20 ga Satumba

Amsar Dorota. Ta sa limamin coci ya karanta wa duk ƙauye wasiƙata. Me zan ce mata?

Lahadi, 24 ga Satumba

Na koma aiki da hannu ɗaya. Gobe akwai fita yaƙi. Ina ɗaura wa dokin Pan sirdi na ga majayin da ke riƙe shi ya cinye ta ciki, saura ƙiris ya tsinke. Ya ce, "Lafiya dai, Walenty?"

Na ce lafiya lau, ranka ya daɗe.

Akwai sabon majayi a jakata, ban canza masa ba. Gajiya ce kawai, ina jin.