Kullum Kina Cewa Da Sauƙi

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ’ya ga mahaifiyarta, ina fatan makwancinki na da yalwa da haske. Na san takardar nan ba za ta same ki ba, amma wani abu ya faru a ajina, kuma ke nake so in fara gaya wa.

Kin tuna ajin Turancin da nake koyarwa ranar Asabar a Lugbe, wanda kike yi mini tsiya a kansa, wai aikin gwamnati na kwana biyar bai ishe ni ba? Yana nan. Samari da ’yan mata a gaba, iyaye a baya.

Wannan zangon muna kan kalmomin da mutum zai faɗi abin da ke ransa. Na yanka kwali na zana fuskoki: mai murna, mai fushi, mai tsoro, mai kewa. Zanen nawa dai sai a hankali, yaran sun ce mai fushin ciwon haƙori yake yi. Kowa zai ɗauki wadda ta dace da shi ya yi jimla. Na kuma hana kalmar “fine”, wato “lafiya lau”, domin duk wanda na tambaya ita yake miƙo mini.

Ban gaya musu dalili ba. Ke ce dalilin, Umma.

Wata bakwai ina kiranki daga ofis ina tambayar jiki, kina cewa, “Da sauƙi, Rukayya, yi aikinki.” Da na zo gida na tarar kin rame har zobenki ya koma babban yatsa, kika ce azumin nafila ne. Na yarda, domin yardar ta fi mini sauƙi. Ranar da muka kai ki asibiti likita ya tambaye ni ina muka shiga tun tuni.

A ajin akwai Maman Habibu, mai kayan miya a kasuwar Gudu, wadda ta zo don ta iya ciniki da waɗanda ba sa jin Hausa. Mako uku fuskar murna take ɗauka tana dariya. Asabar ɗin da ta wuce, sai da kowa ya fita, ina tattara kwalayen, ta zaro mai tsoro ta ajiye a gabana. Ta ce, “I am afraid.” Na ce jimla ta yi daidai. Har na kusa yaba mata in wuce, sai na ga hannunta a gefen ƙirjinta, yadda kike dafe naki.

Ƙullutu ne a nononta, ya kai wata biyar. Ko mijinta bai sani ba. Ta ce mini, “Malama, in na faɗa da Hausa kamar ina kai ƙarar Allah ne. Wannan kuwa ai darasi ne kawai.”

Ranar Litinin na nemi izini a ofis na raka ta asibiti. Sun ɗebi abin da za su gwada, sun ce mu koma bayan mako biyu. Ban san me za su ce ba. Na dai san wannan karon ban karɓi “da sauƙi” na koma bakin aiki ba.

Ban ga laifinki ba, Umma. Haka aka rene ki, kuma ba ki so ki ɗaga mini hankali. Kaina nake tuhuma, da ban zauna a bakin gadonki na sake tambaya ba. Mutane suna ce mini ya haƙuri, ina cewa alhamdulillahi. Gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Kewarki nake yi, kuma ina jin tsoron ranar da za mu koma karɓar sakamakon nan.

Allah Ya gafarta miki, Ya sanyaya kabarinki, Ya haɗa mu a inda babu ciwo. Allah Ya sa Maman Habibu ta yi magana a kan lokaci.

’Yarki Rukayya,
wadda ba ta ji sauƙi ba tukuna.